Bas Ɗin da Ke Mutuwa In An Miƙe Tsaye

Mun tashi da asuba daga Tasawa, ana sallame salla muka tada moto, wato babur, ni da taubashina. Shi ke gaba don motonsa ne. Ni ina baya, na saɓa jakar gita wadda babu komai a cikinta, na rungume wani ɗan ampili, akwatin ƙara sauti, da ya harhaɗa da hannunsa daga tarkacen rediyo, ga batir ɗaure da roba yana zungurar ƙuguna. Gyaran rediyo da salula ne sana'arsa, shi ya sa na ɗauko shi, ba don daɗin hirarsa ba. Ku da kuka ishe ni da tambaya ina na samo bas, kuma nawa na saya, to ga labarin, sai ku yi haƙuri da tsawonsa.

Ga wanda bai san ni ba, ni ke kaɗa bas a wata 'yar orkes, ƙungiyar makaɗan biki, a Tasawa, wato gitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri, wadda ba a lura da ita sai ta yi shiru. Shekara tara ke nan ina wannan aiki. Tsohon bas ɗina wuyansa ya lanƙwashe, tsirkiya ta yi nisa da itace har yatsa yana shiga tsakani. Da a ce zamanin da ne, da shef ɗinmu, shugaban orkes, ya yi haƙuri da ni. Amma tun da sojoji suka karɓi mulki mitin na jam'iyyu ya tsaya, kuma can ne muke samun na kirki. Ga damina ta yi gardama, wanda ya sa ranar biki ya ɗaga, wanda bai ɗaga ba lasifika kawai yake haya a jona da salula. Mu shida ke raba ɗan abin da aka samu. Sai shef ya ja ni gefe ya ce, cikin ladabi kuwa, mai piyano yana iya yin bas da hannun hagu, in ban zo gwajin Alhamis da kayan aiki na kirki ba, bikin Asabar su biyar za su je. Na san in suka je su biyar sau ɗaya suka ga rabo ya ƙaru, tawa ta ƙare. Na sayar da tumakina biyu a wulaƙance, don kowa sayarwa yake, na sami jika saba'in, wato sefa dubu saba'in. Maradi na riga na tambaya ta salula, mafi araha jika ɗari da ashirin. Aka ce mini akwai mai sayarwa a kasuwar Mayahi, shi ya sa muka nufi can ranar Litinin.

Tun a bakin gari na fara halina. Mun tsaya shan esansi, wato fetur, kwalba dala ɗari da ashirin, na ɗaga ta sama ina hangen ta a hasken safiya ko an gauraya da kananzir. Mai esansi ya ce, malam, in likita kake ka faɗa. Taubashina ya ce masa ya yi haƙuri, haka aka haife ni, ko nonon uwa sai da na sansana kafin na sha. Ban kula su ba. Kuɗin tumakina ne, kuma duk wanda ya kalli aljihuna ranar nan sai na ji kamar ya san abin da ke ciki.

Hanyar latarit ce, jan burji, ta yi kunya-kunya, moto yana ta kakkarwa har haƙorana suna haɗuwa. Gonaki hagu da dama sun ba ni tausayi. Karan hatsi bai wuce ƙugu ba, wani wuri ma ba a wahalar da kai an yi girbi ba, dabbobi kawai aka saka. A ƙauyukan da muka ratsa mata da tsofaffi ne suka fi yawa a bakin rijiya, samari sun tafi cirani tun kafin kaka ta ƙare. Amalanke kuwa duk hanya ɗaya suka nufa da mu, kowace da awaki ko tumaki a ɗaure, za a kai kasuwa.

Kafin a shiga Mayahi akwai shingen sojoji. Wanda ya tsayar da mu ya karɓi takardu, sannan idonsa ya sauka kan batir, ya bi waya da kallo har zuwa akwatin da na rungume, ya koma kan doguwar jakar da ke bayana. Sai a lokacin na ga yadda muka yi kama da masu ɗauke da bam da bindiga. Ya ce in buɗe jaka. Na buɗe, wayam. Ya ce ina abin da ke ciki? Na ce shi za mu nema. Wannan amsa ba ta gyara komai ba. Taubashina ne ya yi dabara, ya jona salularsa da ampili ya saki kiɗa, sojan ya saurara, ya ɗan gyaɗa kai, ya miƙo mana takardunmu ya ce Allah ya ba da sa'a. Ni kuwa na riga na dunƙule 'yan silalla a hannu ina jiran a tambaya. Ba wanda ya tambaye ni ko dala, sai na mayar da su aljihu a hankali.

Mayahi ta cika maƙil. Gulbin Kaba a bushe yake kamar kullum, ga goriba tsibi-tsibi, ga tabarmi da igiyar kaba har sun tare hanya. Wajen dabbobi ba masaka tsinke, masu sayarwa sun ninka masu saye. Wajen hatsi kuwa shiru-shiru ake ciniki, tiya dala ɗari da tamanin, a cikin kaka! Na ga wani dattijo ya tambaya, aka gaya masa, ya tsaya ya daɗe yana kallon buhun kafin ya ce a auna masa rabi.

Mutumin da aka kwatanta mana yana da rumfa a layin masu lasifika da pano na hasken rana. Da jin abin da muke nema ya shiga ciki ya fito da wani jan bas, sabo fil, sai ƙyalli yake. Ya jona shi da wata ƙatuwar lasifika, ya murɗa komai har ƙarshe, ya daki tsirkiya ɗaya. Rumfa ta girgiza, awakin da ke ɗaure a gefe suka zabura. Ya ce, ka ji ko? Ɗan waje ne. Na ce na ji, yanzu cire wayar. Ya kalle ni kamar na zage shi.

Ku masu niyyar saye, nan ne wurin da ake kama mutum. Ko faranti ka jona da lasifika irin wannan sai ya yi maka rugugi. Ni sai na cire waya, na ɗora haɓata a kan jikin gita, na ja tsirkiya ina saurare ta cikin ƙashi. Itace mai kyau yana riƙe sauti ya daɗe. Wannan kuwa tuɓ ya yi, ya mutu nan take. Na juya shi na rufe ido ɗaya na hango wuyan daga ƙasa zuwa sama, yadda ake duba ƙotar hauya. Ba laifi, a miƙe yake. Amma da na goga hannu a gefen wuyan, bakin ƙarafunan nan ya karce mini fata. Taubashina ya leƙa inda wuya ya haɗu da jiki ya ce katakon falle-falle ne aka manna, fenti ya rufe. Sunan babban kamfanin da ke kansa kuma takarda ce, na sa farce gefenta ya ɗago. Mai rumfa ya ce in ba saye zan yi ba in daina ɓare masa kaya. Jika ɗari da goma ya ce, ya sauko casa'in, ya rantse bai ci komai ba. Don Allah ban ce ba ya kaɗuwa ba, mai koyo zai ji daɗinsa. Amma ya fi ƙarfin aljihuna, kuma ban ga alamar zai kai bazara biyu a ɗakin kwano ba.

Da ya ga za mu tafi ya ce akwai wani na jika arba'in, wani ne ya dawo da shi daga Libiya. Baƙi ne, kuma asalinsa ba na banza ba ne. Sai dai a saman mota ya ƙetare hamada, rana ta gama da shi, wuyan ya murɗe kamar igiya. Tsirkiya biyu masu kauri kuma da na duba da kyau, wayar birkin moto ce. Tabɗi! Na ce masa nawa na gida ya fi wannan lafiya, kuma shi ma jinya yake.

Hantsi ya yi, ga yunwa, ga ɓacin rai. Muka zauna wajen wata mai shinkafa da wake, ta zuba mana ta ɗora kopto, kwaɗon zogale, a gefe, zogalen ya sha ƙuli da yaji. Tana zuba mai ta ga jakar. Ta ce, samari, makaɗa ne ku? Taubashina, da bakinsa ba ya riƙe komai, ya kwashe labari kaf ya gaya mata, har da tumakin. Ta ce ai akwai wani tsohon makaɗi a wani ƙauye gaba da Tchake, yana da irin wannan babbar gita, tun da damina ta lalace yake neman mai saye. Ta ce, amma ko kyauta ba mai taɓa ta, an yi mata asiri. A bikina ta ɗauke, ana tsakiyar rawa, shiru kamar an yi mutuwa. Ni da na ji haka sai na ce a raina, ga dillaliya, an fara da tsoratarwa don in ji araha in ruga. Na tambaye ta kai tsaye nawa ne la'adarta. Ta ɗaga ludayi ta ce, la'adar mi? Ci ka tashi ka ba ni wuri, mai baƙin ciki. Na ci na tashi, amma kwatancen na riƙe shi.

Daga Mayahi zuwa can rairayi ne zalla. Sau biyu muka sauka muka tura, sau ɗaya muka faɗi, ni a ƙasa, ampili a kaina. A wani ƙauye muka sha fura wadda ruwa ya fi nono yawa, mai furar ta ce shanu ba su da abin bayarwa bana. Taubashina ya ce a ƙara kwalba ɗaya ta esansi, na ce tankin ai ya fi rabi. Ya buɗe ya ce in leƙa. Na leƙa kuwa, kuma gaskiyarsa ce. Muka wuce Tchake rana tana tsaka, muka yi tambaya sau uku, duk wanda muka ce wa gidan mai gita sai ya nuna hanya ya bi mu da wani irin kallo.

Mun same shi a gindin gawo a ƙofar gidansa yana ɗinkin guga. Dogo ne, siriri, da rawani, kakanninsa daga Abzin suka gangaro amma shi nan aka haife shi. Muka gaisa, ya shimfiɗa tabarma, ya hura gawayi ya ɗora shayi. Na faɗi abin da ya kawo mu, ya ce to, a sha tukuna. Ina zaune ina hango rumbunsa ta saman darni, an ɗage murfin an jingine, alamar babu abin da ake rufewa. Sai da muka shanye kofin farko ya shiga ya fito da abu naɗe cikin tsohon bargo.

Jama'a, da ya warware bargon nan sai da na matso kusa. Launinsa ƙasa-ƙasa, fenti ya goge inda hannu ke kwanciya, suna ma ya shuɗe daga kansa. Ya sassauta tsirkiya kafin ya ajiye, kuma ya ce a kwance yake ajiye shi ƙarƙashin gado, bai taɓa jingine shi da bango ba. Na ɗaure tsirkiya, maɗauran suna juyawa sumul, ba sa zamewa. Na hango wuya, a miƙe sak. Na goga hannu, babu abin da ya karce ni. Na ɗora haɓa na ja ta farko, sauti ya shiga kaina ya sauka ƙirji ya ƙi ƙarewa. Muka jona ampili ina zaune kan tabarma, bas a kwance kan cinyata. Murya mai kauri, tsaf, ba ƙara, ba huci. Irin wannan a Maradi ko jika ɗari da hamsin ba za su saurare ka ba. Na sha mur don kada fuskata ta tona ni, ina ta neman inda cutar take, don na tabbata akwai ta.

Ban wahala ba, shi da kansa ya nuna mini. Ya ce, "Kada ka yi murna tukuna, ɗana. Rataya shi ka miƙe tsaye."

Na rataya na miƙe. Na ja sau biyu, sai ƙarrr, sai shiru. Na murɗa, na girgiza waya, babu. Na zauna na kwantar da shi, murya ta dawo. Sau uku muna haka. Maganar mai shinkafa ta faɗo mini, ba zan ɓoye muku ba.

Ya ce haka yake yi masa shekara bakwai. A gida, a zaune, lafiya lau. Da ya miƙe gaban jama'a sai ya mutu. A Agadas ya saye shi lokacin da yake aiki can, ya kaɗa shi a bukukuwa daga Atantane har Isawan, har sunansa ya fara tafiya. Ya ce da ya ga baki ya yi yawa a kansa sai ya nemi tsari, ashe ya makara, an riga an yi masa aiki, don ba a yi wata ba abin ya fara. Ya ce ya san wanda ya yi, amma ya bar shi da Allah. Orkes ɗinsu ta watse a kan haka. Yana magana taubashina ya ɗauki bas ɗin ya kai kunne, ya karkata shi a hankali. Ni ma na ji wani abu ya yi ƙwas a ciki.

Ya ce, "Baba, mi ke cikin nan?"

Dattijon ya ce tsarin ne. Laya ce, maƙeri ya yi mata gida na jan ƙarfe, shi da kansa ya kwance murfin baya da tsinin wuƙa ya saka ta. Da abin ya ƙi, ya ƙara biyu na fata. An kuma hana shi barin baƙon hannu ya buɗe wurin, shi ya sa bai taɓa kai shi gyara ba.

Aka kira azahar. Muka zaga bayan darni da buta, taubashina ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, ba asiri ba ne. Gidan layar ne. In bas yana kwance tana kwance gefe, in aka miƙe sai ta zame ta faɗa kan bakin waya ta haɗe wuta. Biyun da aka ƙara su suka danne ta wurin. Ya ce ko gyara ba a kira shi ba, cirewa ce kawai, mu gaya masa. Na riƙe hannunsa na ce ya rufe mini baki. In dattijon nan ya sani, ko ya fasa sayarwa, ko ya faɗi kuɗin da ba ni da shi, ni kuma Alhamis gata ce. Ya kalle ni ya ce, kai dai Allah ya shirye ka. Da wannan maganar a bakina na yi alwala na bi dattijon salla.

Bayan kofi na biyu aka shiga ciniki. Ya ce jika hamsin, kuma bai ɓoye ba, hatsi zai saya. Ina da hamsin ɗin, har da ɗori. Da na miƙa masa na tashi, da abin ya zo da sauƙi. Amma sai na ji bakina yana cewa talatin. Na kawo nisan hanya, na kawo tsadar esansi, na ce kaya mai asiri ai kasada ce, wa ya san abin da zai biyo ni gida. Ya ce albarka. Na ce talatin da biyar, daga nan ban ƙara dala. Taubashina ya sunkuyar da kai yana zane a rairayi da tsinke. Dattijon ya waiga wajen gidansa, ya daɗe, sannan ya miƙo hannu ya ce, na sallama. Na ba shi, ya sa a aljihu ko dubawa bai yi ba.

Ina jawo jaka sai ya ce saura kayansa, layun ba sa cikin ciniki. Kusoshin murfin sun yi tsatsa, wuƙarsa ta kasa, dole taubashina ya fito da turnabis ɗinsa na kwance kusa. Ga su nan kuwa, biyu na fata, ɗaya ta jan ƙarfe, kusurwarta ɗaya ta goge tana ƙyalli inda ta daɗe tana gugar ƙarfe. Ya karɓe su da hannu biyu ya sa a aljihun gaba. Aka mayar da murfi, na yi wuf zan zura bas a jaka.

Ya ce, "A'a, dakata, ɗana. Yanzu babu tsari a jikinshi, ban san abin da zan haɗa ka da shi ba. Miƙe ka gwada a gabana. In abin ya ƙaru, in maido maka kuɗinka."

Ina zan sa kaina? Na rataya na miƙe. Na ja a hankali, wallahi har ina fatan ya ɗauke. Bai ɗauke ba. Ya ce in motsa. Na taka, na juya, na yi tsalle, murya tana nan daram. Mata suka fara leƙowa ta saman darni. Dattijon ya zaro layar jan ƙarfen ya juya ta a tafin hannu, ya kalli gogaggiyar kusurwar, ya kalli taubashina ya ce, kai mai gyara, gaya mini gaskiya. Ya gaya masa. Ya ce, Baba, rubutun da ke ciki ba ruwansa, gidan ne kawai.

Dattijon ya mayar da layar aljihu. Sannan ya ce, "Tun yaushe kunka sani?"

Taubashina ya kalle ni. Na ce, tun kafin salla, Baba.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na cire bas na ajiye a tabarma gabansa, na ce ya riƙe kayansa, ko kuma ya karɓi duk abin da ke aljihuna. A lokacin da nake faɗa ina ganin wurina a orkes yana tafiya, amma na faɗa. Ya ture shi wajena da bayan hannu. Ya ce, "Na ce na sallama, kuma bakina ɗaya ne. Ba kuɗin ke damuna ba. Mai gangata nake zargi. Tare munka yi kiwo da shi muna yara. Shekara bakwai ina ganin shi a kasuwar Tchake ina kau da kai."

Ya ce in ara masa. Ya miƙe, ya rataya a kan rigarsa, ya kaɗa a tsaye. Yatsun sun yi tauri amma hannun yana nan, wani tsohon kiɗan biki ya yi wanda ban sani ba, matan da ke bayan darni kuwa sun san shi. Bai daɗe ba ya cire ya miƙo mini. Ya ce in riƙa sassauta tsirkiya da bazara, kada kuma in jingine shi da bango. Kofi na uku ba mu sha ba, shi ma bai ce mu tsaya ba.

Daga ƙauyen nan har Mayahi taubashina ko tsokana ɗaya bai yi mini ba. Mutumin da ko a wajen jana'iza sai ya tsokane ni. Mun iso kasuwa tana watsewa. Na sayi hatsi da ragowar kuɗin, na bar shi wajen mai shinkafa da waken nan, bayan na ba ta haƙuri, ta ce za ta haɗa da 'yan amalanken Tchake. Har yau ban san ko ya karɓa ba, kuma ko ya karɓa na san bai kai rabin abin da na ɗauko ba. Muka kwana gidan wani ɗan uwa, Talata da hantsi muka shigo Tasawa, esansi ya ƙare mana daidai bakin tasha, muka ƙarasa da turi.

Ranar Alhamis da la'asar na je gwaji gidan shef. Na jona, na miƙe, muka ɗauki waƙar farko. Ba mu kai rabi ba shef ya ɗaga wa mai piyano hannu ya ce ya sauke hagunsa. Da muka gama ya karɓi bas ɗin ya jujjuya, ya ce Asabar in zo da wuri. Sannan ya ce nawa? Na ce talatin da biyar. Wuri ya kaure, wannan ya dafa ni, wancan ya ce kai, wane, ka iya ciniki! Na yi dariya tare da su.

To ga abin da na koyo, ga mai son ya amfana. Kada ƙyalli ko sunan da ke kan gita ya ruɗe ka. Cire waya ka saurari itacen, hango wuya da ido ɗaya, goga hannu a gefensa, sannan ka gwada a zaune ka gwada a tsaye, don a tsaye za ka yi aiki da shi. Tsoho mai lafiya ya fi sabo mai fenti, kuma ka tafi da wanda ya san waya. Sauran kuma ba na gita ba ne. Tun daga mai esansi har mai abinci babu wanda ban zarga ba, na ratsa garuruwa ina jiran wanda zai cuce ni, ban gamu da shi ba. Wanda ya yi cuta a tafiyar nan shi ne zaune a bayan moto. Asabar mun je bikin mu shida, na kaɗa a tsaye tun la'asar har aka kira magariba, bai ɗauke ba ko sau ɗaya, kuma ban ji daɗin da na zaci zan ji ba.